Yadda na gyara kukan sarbo a motar rimot

Bayan mun yi wasa cikin rairayi a bayan Birni, nan Damagaram, sai sarbon sitiyarin motar ɗana, wato ƙaramar na'urar da ke karkata tayoyin gaba hagu da dama, ya dinga kuka kamar ƙudan zuma, ko motar tana tsaye. Ɗan kuka kaɗan ba matsala ba ne, tunda sarbon dijital yana tura wa injinsa wuta kusan sau 300 a daƙiƙa. Amma wannan har zafi yake ɗauka.

Na cire hannun sarbon, sai shiru. Ashe rairayi ne ya cushe gaɓoɓin sitiyarin suka ƙage. Na goge su da tsohon burushin haƙori, ban sa mai ba, don mai yana kama ƙura. Sannan na rage EPA, wato saitin da ke iyakance iya inda sarbon zai juya, a rimot daga 100 zuwa 85, saboda tayoyin suna kai ƙarshe sarbon na ci gaba da turawa. Yanzu ko ɗumi ba ya yi.