Daga sutudiyo zuwa lokeshan: inda mawaƙanmu suke tuntuɓe idan sun shiga fim mai dogon zango

Duk mai zama a Zoo Road, matattarar 'yan fim da mawaƙa a Kano, ya san yadda abin yake farawa. Waƙar yaro ta fashe, ana jin ta a Adaidaita Sahu da gidajen biki, sai furodusa ya kira shi: "Ƙanena, zo mu saka ka a fim." Lissafin furodusa a fili yake, yana son masoyan mawaƙin su biyo shi YouTube. Suna kuwa biyowa, su kalli kashi na ɗaya da na biyu. In ba su ga wasa ba sai su watse, su bar masa baƙaƙen maganganu a ƙasan bidiyon.

Ba na cikin masu cewa mawaƙi ba zai iya fim ba. Da waƙa aka san Umar M. Shareef kafin Ali Nuhu ya ba shi jagorancin fim ɗin Mansoor a 2017, kuma ya zauna a harkar. Sani Danja ya daɗe yana riƙe da sana'o'in biyu. Abin da yake damuna shi ne yadda yara masu basira suke faɗawa rami ɗaya, kowa yana bin sawun na gabansa.

Babban kuskuren daga bidiyon waƙa ake kwaso shi. A can mawaƙi shi ne ango: ido cikin kyamara, hannu a ƙirji, kowane motsi yana bin kiɗa. Ya shekara biyar yana haka, jikinsa ya saba. To a fim, kyamara baƙuwa ce da ake yin kamar ba a san tana ɗakin ba. Za ka ga an haɗa mawaƙi da dattijuwar da ta fito a matsayin mahaifiyarsa, tana yi masa faɗa har muryarta na rawa, shi kuwa fuskarsa ba ta ce komai ba, yana jiran ta kai aya ya sauke abin da ya haddace. Mai kallo a gida ba zai iya faɗa maka abin da ya ɓaci ba, amma ransa ya riga ya fita. Rabin wasan kwaikwayo saurare ne. Ɗan da Hajiyarsa take yi wa faɗa a gidan Bahaushe sunkuyar da kai yake yi, ya durƙusa, ya ce "Allah Ya huci zuciyarki, Umma" a hankali. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi. Ka karanta maganganun abokin wasanka kamar yadda kake karanta naka. Ka sa a ɗauke ka da waya yayin gwaji, ka kashe sauti, ka kalli fuskarka a lokacin da ba kai kake magana ba. A nan za ka ga gaskiya.

Sai murya. A sutudiyo baiti-baiti ake ɗauka, mai haɗa sauti ya share numfashi, ya daidaita inda ta kauce. A lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, babu wannan gatan. Wasu kuma magana suke yi kamar suna rerawa, kowace jimla da jan ƙarshe. Ka je bakin Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi ka ji yadda ake ciniki da musu, wannan ita ce Hausar da ake so a bakinka.

Akwai kuma girman kai, kuma a nan ba zan rufe ba. An ba mutum matsayin ɗan talaka mai tura kurar ruwa a Kurna, ya iso da sabon aski, agogo mai ƙyalli, ya ce ba zai cire ba don kada masoyansa su raina shi. Wani ma sai ya ce in ba shi ne babban jarumi ba, a bar shi. Wanda aka ba fitowa uku ya yi su da kyau, marubuci da kansa yake ƙara masa a zango na gaba. Ka karɓi ƙaramin matsayi, ka sa kayan da mai kula da sutura ya miƙo maka, ka zauna kusa da dattawan da suka fara tun zamanin wasannin CTV da NTA Kano ka ga yadda suke shiga ɗaki, yadda suke zama a kan tabarma.

Lokaci ma yana kayar da mutane da yawa. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 masu kallo suka saba da shirin da ke zuwa duk mako ba fashi. Ɗaukar irin wannan aiki watanni take ci. Mawaƙi kuwa ga biki a Kaduna, ga taron siyasa, ga gayyata daga Nijar. Ya tafi, ya dawo da wani askin daban, alhali a labarin daga falo ya shiga ɗaki. In abin ya yi yawa, marubuci ya tura shi karatu ƙasar waje a cikin labarin, shi ke nan an gama da shi. Kafin ka sa hannu, ka ajiye jadawalin bukukuwanka a gaban furodusa, ku rubuta ranakun da ba za a taɓa ba.

Furodusoshi su ma da nasu laifin: kada a riƙa cusa waƙa a kowane kashi don kawai akwai mawaƙi a ciki.

Waɗanda kuma suka ce su za su zuba kuɗinsu su shirya nasu, su ɗora a tasharsu ta YouTube, su tuna da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda take nan tun 2001. A watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda an sake su ba tare da an kai mata ta duba ba, har da manyan da kowa ya sani. Ka kai aikinka a tace kafin ka sanar da ranar fitowa.