Yadda ake ɗinka siket ɗin tul ya tashi ya tsaya, irin na masu rawar bale

Salla na matsowa, telolin Yamai sun san abin da zai biyo baya. Uwa za ta shigo shago da hoto a waya, ga yarinya sanye da siket ya buɗe kamar lema, ta ce irin wannan take so wa ɗiyarta. Sai a sayo tul, yadin nan shara-shara mai kama da raga, metir shida a Babbar Kasuwa, a tattare shi duka a ƙugu, a zura roba. Ranar idi siket ya kwanta laƙwas kamar gidan sauron da aka kwance, ƙugun ya yi dunƙule yana cin fatar yarinya, tana ta susa. Yadi ya isa har ya yi yawa, jera shi ne ba a iya ba. Wannan jeri kuwa masu ɗinkin kayan bale, rawar Turawa da ake tsayuwa a kan yatsun ƙafa, sun kusa shekara ɗari biyu suna gyara shi, kuma abin da suka gano yana aiki a kan kowane keken ɗinki.

Sunan siket ɗin a wurinsu tutu. A 1832, a gidan Opera na Paris, Marie Taglioni ta yi rawar La Sylphide cikin farin siket mai laushi wanda ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu, domin masu kallo su ga yadda take tsayuwa a kan yatsun ƙafa. Wannan shi ne tutu na farko da ya yi suna, mai zubowa kamar ƙararrawa. Da rawar ta ƙara wuya, da juyi da tsalle, sai aka dinga rage tsawonsa, har a ƙarshen ƙarni na 19 a Rasha ya koma faifai sosai: falle goma zuwa sha biyu na raga mai tauri, da waya a zagaye cikin falle na tsakiya, yana fita kai tsaye daga kwankwaso. A 1950 kuma, Barbara Karinska, mai ɗinkin kayan rawar George Balanchine, mai tsara rawar bale a birnin Niyok na Amurka, ta cire wayar, ta rage falle zuwa shida ko bakwai, kowane ya ɗan ɗara na ƙasansa tsawo, ta kama su da zare sako-sako. Siket ya tashi, kuma yana motsi da jikin mai shi. Dabarar Karinska ce ta fi dacewa da kayan yara, ita za mu bi.

Yadin kansa ya samo suna daga garin Tulle na Faransa, amma injin da ya sa ya yi araha a Ingila aka ƙera shi, aikin John Heathcoat ne wajen 1809. Daga dandalin rawa ya shiga kayan fita. Manyan siket ɗin da Christian Dior, mai zanen tufafi na Faransa, ya fito da su a 1947 da tul ake tallafe da yawansu daga ciki, rigunan amare suka ɗauka, har Serena Williams ta buga tanis a gasar Amurka ta 2018 cikin riga mai tutu wadda Virgil Abloh ya zana wa Nike. Jipon ɗin da ake sa wa amarya a ƙarƙashin leshi a nan Yamai jikan wancan siket ne.

A fara da saye, don a nan ake yawan faɗuwa. Tul iri biyu ne a kasuwa, kuma aikinsu daban. Akwai mai tauri, mai manyan idanu, wanda in ka damƙe shi a hannu ka saki sai ya buɗe da kansa yana ƙara kamar leda. Shi ne ƙashin siket. Akwai mai laushi, mai ƙananan idanu, wanda ke zubowa a hannu. Shi ne fuska. Mai laushi kaɗai ba ya tashi ko an zuba metir goma, mai tauri kaɗai kuma yana karce jiki, bai da kyan gani. Kada a saya sai an damƙa an gani, kuma a tambayi faɗin bandir, domin akwai na santimita 150, akwai na metir uku. Lissafin da ke tafe na mai faɗin 150 ne.

Ga yarinya ƴar shekara biyar zuwa shida, mai ƙugu santimita 55 da kwankwaso kamar 62, siket mai tsawon 45 wanda zai rufe gwiwa: tul mai tauri metir biyu, mai laushi metir biyu, yadin auduga na shafi metir ɗaya, roba mai faɗin santimita uku tsawon 52, da ƙyallen atamfa ko shadda na ɗamarar ƙugu. Shafin ya zama auduga tsantsa. Satin yana da sheƙi, ya fi araha, amma a zafin watan Afrilu yarinya ba za ta yi awa guda a ciki ba ƙuraje sun feso mata, don leda ce a kan leda.

Shafin shi ne tushen ginin, kamar yadda masu tutu ke ɗora falle-fallensu a kan wando mai kama jiki. A yanka shi gaba da baya, ya buɗe ƙasa: zagayen sama 70 don ya wuce kwankwaso, zagayen ƙasa 110, tsawo 43. A ɗinke gefe ɗaya kawai, a bar ɗayan a buɗe, a shimfiɗa shi a tebur. Aiki a shimfiɗe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Da alli a ja layi uku a kwance, a santimita 6, 9 da 12 daga bakin ƙugu. Waɗannan layuka su ne sirrin abin gaba ɗaya. Nauyin tattara ya rabu hawa-hawa a kan kwankwaso, ƙugu ya zauna siriri, kowane falle kuma ya sami na ƙasansa ya hau kai.

Sai yanka mai tauri. Falle uku, kowane tsawonsa a kwance santimita 225, wato faɗin bandir ɗaya da rabi a haɗe, ninki uku ke nan na zagayen da zai zauna a kai. Tsayinsu ne ya bambanta: na layin 12 ya zama 25, na layin 9 ya zama 31, na layin 6 ya zama 37. Gajere a ƙasa, dogo a sama. In aka yanka su yadda bakunansu za su haɗu wuri guda, za su ja juna ƙasa, siket ya yi kama da bokiti. In aka juya, dogo a ƙasa, sai a ga matakala ta cikin yadin sama. Mai laushi falle biyu ne, kowane faɗin bandir biyu, santimita 300, tsayi 48. Ƙarin santimita ukun nan a kan tsawon siket na tashi ne, don idan na ciki suka tura shi waje, bakinsa yana hawa sama.

Tul yana santsi a ƙarƙashin almakashi. A ninka shi huɗu, a danne da wani abu mai nauyi, a yanka a kan layin da aka ja da dogon ma'auni. Fil ba ya zama a cikin idanunsa, zamewa yake ya faɗi, gara a kama da maƙalan shanya. Bakin ƙasa ba ya buƙatar kalmasa tunda ba ya zarewa, kalmasar ma nauyi take ƙara masa ta lanƙwasa shi. Saboda haka yankan ya fita sumul tun farko, abin da almakashi ya bari shi za a gani.

Wajen tattara, a sa allura lamba 70 ko 80, a buɗe ɗinki zuwa mafi tsawonsa, a sassauta zaren sama. A bi baki da layi biyu, tsakaninsu rabin santimita, ba tare da an kulle farko ko ƙarshe ba. Kada a yi layi ɗaya tun daga farkon metir uku har ƙarshe, zare zai tsinke a tsakiya a koma baya. A raba falle kashi huɗu, kowane kashi da nasa zaren, a raba layin alli ma kashi huɗu, a haɗa alama da alama, sannan a ja zaren ƙasa. Ta haka tattara ke zama daidai, ba cunkoso a gaba baya kuma fayau. Idan haƙoran keke suna cinye tul suna tura shi cikin rami, a sa siririyar takarda a ƙarƙashi a ɗinke tare, a yage ta daga baya.

A ɗora na layin 12 tukuna, sannan na 9, sannan na 6, da ɗinki matsakaici. Mai son tashi sosai ya ɗinka na ƙasan nan a kife, jikinsa na kallon ƙugu, sannan ya kwantar da shi ƙasa. Lanƙwasar da ya yi a gindi tana tura shi waje kamar an sa waya. Falle biyu masu laushi a bakin ƙugu suke zama, a tattara kowane daban. In aka haɗa su a zare ɗaya sai su manne su zama kamar falle guda, an yi asarar rabin kumburin. Daga nan a rufe gefen shafi, a haɗa bakin kowane falle da ɗan'uwansa, a ɗora ɗamarar atamfa ta rufe duk ɗanyen bakin tul, a zura roba. Ko ƙaramin tsinin tul mai tauri da ya leƙo ta ciki ya isa ya hana yarinya sakat. A shafa cikin ƙugun da bayan hannu kafin a ba da kaya.

Aikin ƙarshe na hannu ne, kuma shi aka fi tsallakewa. Da allura da dogon zare a kama falle ukun masu tauri a wuri takwas a zagaye, a tsakiyar tsayinsu, a bar sako kamar faɗin yatsa biyu tsakanin falle da falle. In an ɗaure tam siket ya sandare ya yi ramuka, in ba a kama ba kuma yarinya na zama falle ya juye sama ya tsaya a haka.

Ga babbar mace lissafin bai canja ba, ninki uku ga mai tauri, huɗu ga mai laushi, sai dai layukan su sauka ƙasa da kwankwaso don kada su ƙara faɗi inda ba a so. A rigar amarya mai kama jiki ta buɗe daga gwiwa, a gwiwar ake fara jera su.

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗa. Tul na yanzu nailan ne ko poliyesta, dutsen guga na gawayi yana taɓa shi zai narke ya bar rami. A rataye shi a kusa da tururin tafasasshen ruwa, ko a fesa masa ruwa kaɗan a bar shi ya sake da kansa. Da hunturu, iska ta bushe, yakan manne a ƙafa yana jan ƙura, fesa ruwan nan dai shi ke kwantar da shi. Wanki da hannu cikin ruwan sanyi, ba murɗawa, shanya a inuwa, domin rana tana mayar da farin nailan ruwan ɗorawa. Wajen ajiya a rataye shi a kife, ƙugu a ƙasa, yadda gidajen rawa ke yi da nasu, don nauyinsa ya riƙa buɗe shi maimakon ya kwantar da shi.

Maganar wuta kuma tela ya faɗa wa uwar yarinya baki da baki lokacin da ta zo karɓa. A Nuwamba 1862 siket ɗin Emma Livry, ƴar rawar bale, ya taɓa fitilar gas a dandalin Opera na Paris, ta ƙone, ta rasu a 1863 tana da shekara 20. Siket mai buɗewa yana kai wa inda mai shi ba ta zata ba, nailan kuma in ya kama narkewa yake ya manne a fata. A gidan biki ko suna akwai kaskon turaren wuta a ƙasa, akwai murhun shayi a zaure, akwai kyandir a kan kek, duk a daidai tsayin bakin siket ɗin yarinya ƴar shekara biyar. A ɗauke su daga inda yara ke wasa kafin a sa mata kayan.