Kada a yi wa hular kwanon kaka fenti

Jama'a, masu hular kwano ta yaƙin Bama (wato Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu) a gida, don Allah ku daina dirje ta da yashi. Maƙwabcina a nan Gombe ya kai ta kakansa wajen mai fenti. Ta dawo tana sheƙi, amma suna da lambar soja da tsohon ya karce a ciki sun tafi. Abin takaici!

Ku juya ta ku duba ƙarƙashin bakin: irin ta Ingila galibi da shekarar ƙira a buge, kamar 1941. Busasshen tsumma ya wadatar wajen goge ta. Ku zauna da tsofaffin gida ku ɗauki muryarsu a waya, ku haɗa da takardar sallamar kakan daga soja. Da damina a rataye ta, kar ta kwana a ƙasa.