Kurakuran da ke kashe batirin sola kafin lokacinsa

Tun da Najeriya ta yanke layin wutar da ke zuwa mana a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, pano, wato allon sola, ya yawaita bisa rufin gidajen Maradi. An maido da wutar daga baya, amma wanda ya saba kwana da fanka ba tare da jiran Nijelek, kamfanin wutar Nijar, ba bai sauke nasa ba. Yanzu kukan da nake ji a shago kusan kullum ɗaya ne: batiri ya mutu, ko shekara biyu bai cika ba, wai jabu aka sayar musu. Akwai jabu a kasuwa, wannan ba musu. Sai dai yawancin batiran da ake kawo mini a gida aka kashe su, da yunwa da zafi.

Bari mu fara da yunwa, don ita ta fi ɓarna. Batirin dalma, na ruwa ne ko jel, rabin abin da ke cikinsa ne naka. Mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2400 na awa guda, to 1200 kawai ya kamata ka taɓa. Fanka mai cin wat 60, in ta kwana tana juyawa awa 10, ta tafi da 600. Ƙara tele da fitilu da cajin wayoyin gida, ka iso iyaka. Mai ɗora firiza a kan wannan lissafi har gari ya waye ya san abin da ya shuka.

Mutane da yawa kukan inbata, na'urar da ke juya wutar batiri ta zama irin ta gida, suke jira kafin su rage kaya. Wasu ma in ta yi ƙara sai su kashe ta su sake kunnawa, don a samu a ƙarasa kallon ƙwallo. Inbata ba ta kuka sai batiri ya sauka wajen bolt 10.5, lokacin an riga an tatse shi tas. Ka sayi ɗan ma'aunin bolt, ba shi da tsada. Kashe komai, bar batirin ya huta kamar awa guda, sannan ka auna: 12.7 ya cika, 12.2 rabi ne, nan ake tsayawa. Duk safiyar da ka ga ƙasa da 12, an ci bashin kwanakinsa.

Ɗaya ɓarin yunwar shi ne rashin ciyarwa. Za ka ga babban batiri mai amfiya 200 an haɗa shi da pano guda mai wat 150. Wannan pano abin da yake bayarwa bai wuce amfiya 8 ba, in ya samu awa 5 na rana mai ƙarfi ya zuba 40. Kai kuwa da dare ka kwashe 100. Daga ina cikon zai fito? Batirin da ke wuni ba ya cika, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantan dalmarsa, kuma in ya yi tauri ba ya narkewa. Shi ya sa za ka ga batiri ya nuna ya cika tun hantsi, bayan isha ya faɗi. Irin wannan batiri yana son caji na wajen amfiya 20, wato pano na wat 400 ko kusa. In kuɗi ba su isa ba, gara ƙaramin batiri da yake cika kullum da babba mai kwana da yunwa. Firiza da famfon jan ruwa a kunna su da rana tsaka. A watan Agusta da hadari ke rufe rana, da lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe pano, a rage kayan dare, a riƙa goge panon da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi.

Sai zafi. A bazarar bara aka kira ni wani gida a unguwar Zariya. Maigidan ya tare ni tun daga zaure: "Yaro, zo ka ga aikin da 'yan'uwanka suka yi mini." Na tarar da batira biyu cikin wani ɗan akurkin kwano da aka gina a jikin bangon yamma, an sa kwaɗo don ɓarayi. Da aka buɗe, hucin da ya fito kamar na tanda. Gefen batiran ya kumbura, hannu ba ya iya daɗewa a kansu. Na ce, "Alhaji, ai ko rago aka sa a nan ya gasu." Ya yi dariya, ba don ransa ya so ba.

Shekarun da masana'anta ke rubutawa a jikin batiri, a zafin digiri 25 aka auna su. Duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kwanan batirin dalma da kusan rabi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40. A nema masa ɗakin da ya fi sanyi a gida, mai shan iska, a ɗora shi kan katako don ruwan damina. Kada a kulle shi a akwati marar ƙofar iska, kuma ban da ɗakin kwana: na ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, tartsatsi kaɗan ya ishe ta kamawa.

Batirin ruwa yana son a duba shi duk wata, a bazara duk mako biyu. Ruwan ya rufe farantan. Ruwan batiri tatacce kaɗai ake ƙarawa. Na rijiya da na famfo da na leda duk suna da gishirin da ke lalata shi. Acid kuwa ba a ƙara shi, domin ruwa ne ke ƙafewa, acid ɗin yana nan. Jel da AGM, wani nau'in batirin dalma, a rufe suke, mai ce maka zai fasa ya yi musu "wanki" kuɗinka yake so. Kawunan batiri in sun yi kore, a kwance wayar, a goge da ruwan kanwa ba tare da ya shiga ciki ba, a ɗaure tam, a shafa basilin.

Akwai ƙananan kurakurai masu tsada. Haɗa sabon batiri da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Batirin mota an yi shi ne don bugu ɗaya mai ƙarfi na tada inji, ba ya jure tatsar dare. Jona pano kai tsaye ba regilata, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin pano da batiri, yana tafasa batiri. Ita ma regilatar sai an saita ta daidai da irin batirin.

Na litiyam, irin LiFePO4, ya fi haƙuri: ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa, yana kai caji dubu uku ko fiye, ba ruwansa da ƙarin ruwa. Na dalma da aka kula da shi yakan yi shekara 3 zuwa 5, litiyam na ƙwarai yana iya kai 10. Shi ma ba ya son zafi, kuma dole a tabbatar yana da BMS, wato na'urar da ke tsare shi daga ciki.

Wanda ya mutu kuma, kada a bar shi a tsakar gida yara na wasa a kai, kada a fasa shi don dalmar. A Thiaroye, kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalmar tsofaffin batira da ake fasawa a unguwarsu. A mayar wa mai sayarwa a rufe yadda yake, galibi yakan rage wani abu a kuɗin sabo.