Kafin ka biya ɗaki a jirgin ruwan yawo, ɗauko metir ka auna kekenka

Mu mutanen Yamai, jirgin ruwan da muka sani bai wuce kwale-kwalen bakin kogin Isa ba. Shi ya sa idan ɗa ko ƙane da ke Turai ya ce zai kai ka yawo a irin manyan jiragen nan masu tashi daga Marsey ko Barsalona su zagaya Bahar Rum, sai murna ta riga tambaya. Mai ƙafa biyu ba abin da zai rasa. Amma irina, wanda shan inna ta zaunar kan keke tun yana yaro, idan bai yi tambaya ba zai iya biyan maƙudan kuɗi ya je ya tarar ƙofar ɗakinsa ta fi kekensa ƙunci. Ni tela ne, aikina awo, kuma da awo na bi wannan tafiyar lokacin da ƙanena ya gayyace mu ni da maiɗakina.

Fara da keken kansa. Keken nan namu mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, gwanin yashi da rana, ka bar shi gida. Ya yi tsawo, ba ya naɗewa, ba zai juya a cikin ɗaki ba. Mai ƙafa huɗu mai naɗewa ake so. Zauna a kansa, a auna faɗinsa daga zoben turawa na dama zuwa na hagu, domin nan ne ya fi faɗi, ba wurin zama ba. Nawa santimita 64 ne. Ƙara wurin da yatsunka za su bi kada bango ya goge su. A auna tsawo tun daga bayan taya har kan yatsun ƙafa, sannan tsayin wurin zama daga ƙasa. Rubuta ukun a takarda.

Ga dalilin wahalar. Ƙofar ɗaki na kowa da kowa a jirgi sau da yawa ba ta wuce santimita 60, ta ban ɗaki ma ta fi ƙanƙanta, kuma akwai dakali a bakinta da ake ɗaga ƙafa a tsallake. Ɗakin da aka gina don masu keke ƙofarsa takan kai 80 ko fiye, ba dakali, kuma akwai fili na kimanin santimita 150 inda keke zai juya gaba ɗaya. Irin waɗannan ɗakunan kaɗan ne ƙwarai: jirgi mai ɗaki fiye da dubu biyu, nasu bai fi ƴan gomomi ba. Su ke fara ƙarewa. Tun ran gini ran zane, a kama ɗaki watanni da yawa kafin tafiya, kafin ma a shiga zancen tikitin jirgin sama.

Kada ka yarda da “i, akwai ɗakin naƙasassu” ta waya. Ƙanena ya kira ni da farin ciki ya ce, “Yaya, an gama, sun ce akwai.” Na ce masa, “Koma ka tambaye su, akwai na wa?” Naƙasa iri-iri ce, ɗakunan ma haka. Kamfanin Carnival, alal misali, ya kasa nasa uku: wanda aka shirya gaba ɗaya don mai keke, wanda keke ke iya matsawa gefe guda kawai na gado, da kuma na wanda ke iya ƴar tafiya da sanda, mai buƙatar ƙarfen kamawa kurum. Na ukun nan yana iya zuwa da ƙaramar ƙofa da dakalinsa. Wasu kamfanonin ba su kasa ba a rubuce, amma bambancin yana nan. Ka nemi a aiko maka da lambar ɗakin, da faɗin ƙofofin biyu a santimita, da hoto, duk a rubuce. Idan gefe guda ne na gado, tambayi wane gefe. Wanda hannunsa na dama ne mai ƙarfi ya san abin da nake nufi.

Ban ɗaki shi ne zuciyar maganar, nan zan daɗe. Wurin wankan ya zama daidai da ƙasa, keke ya shiga har ƙarƙashin ruwa, da ƴar magudana a kewaye mai kwashe ruwan. Ya zama da kujerar da ke manne a bango mai naɗewa, da kan famfo mai igiya da za ka riƙe a hannu kana zaune. Duba a hoto inda makunnin ruwan yake: idan yana bangon da ke nesa da kujerar, to kullum sai ka kira wani. Ƙarfen kamawa ya kasance gefen masai da cikin wurin wanka. Ƙarƙashin wurin wanke hannu ya zama fili, gwiwa ta shige, in ba haka ba alwala za ta zama aiki. Ka tafi da butarka, ba za ka samu a can ba. Masan jirgi da iska yake zuƙa, da ƙara mai firgita baƙo, kuma abu kaɗan ke toshe shi, ban da takardarsu kada a jefa komai. Akwai igiya ko maɓallin kiran agaji kusa da ƙasa. Ran farko ka nemi mai kula da ɗakin ya nuna maka.

Sai gado. Tambayi tsayinsa ka gwada da tsayin kekenka. Idan ya ɗara shi da yawa, hawa da ƙarfin damtse kowane dare zai gajiyar da kai. Ana iya raba gadon biyu ko a ture shi, ana iya fitar da ƙaramin tebur ko kujera idan sun tare hanya. Ka faɗa kawai, ba roƙo ba ne. Sandar rataye tufafi ta zama ƙasa-ƙasa. Idan ɗakin mai baranda ne, a tabbatar akwai ɗan gangare a bakin ƙofarta, domin ƙofofin da ke fuskantar teku suna da tudun da ke hana ruwa shigowa. A ganina baranda ba dole ba ce. Gara kuɗinta ya tafi wajen inshorar lafiya, tunda likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba.

Inda ɗakin yake a jirgi ma abin dubawa ne. Manyan jiragen yau sun haura mita 300 a tsawo, kuma lungunan an shimfiɗe su da darduma mai kauri da ke riƙe taya. Nemi ɗaki kusa da asansar, wato na'urar da ke hawa da mutane bene ta sauko da su, wajen tsakiyar jirgi, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Da dare ka ja birki, na taɓa farkawa na ga kekena ya yi tafiyarsa har bakin ƙofa. Ba a barin keke a lungu, dokar tsaro ce, a cikin ɗaki zai kwana. Mai keken lantarki ya faɗi irin batirinsa tun wuri, ya kuma tambayi inda wurin jona wuta yake.

Akwai takardar buƙatu ta musamman da kowane kamfani ke bayarwa, a cike ta lokacin kama ɗaki. Nan za ka rubuta awon keke, da maganin da ke son sanyi, da zancen abinci idan kana gudun naman da ba ka san yankansa ba. Ga jiragen da ke tashi daga tashoshin Tarayyar Turai, doka mai lamba 1177/2010, wadda ta fara aiki a Disamban 2012, ta hana a ƙi sayar maka da tikiti ko a ƙara maka kuɗi saboda naƙasa, sai dai da hujjar tsaro ko ginin jirgin. Taimakon shiga da fita kyauta ne idan ka sanar da awa 48 kafin lokaci, kuma idan suka lalata maka keke da sakacinsu, gyara ko sabo a kansu yake. Amma ka sani, ma'aikatan jirgi ba sa ɗaga mutum zuwa gado, ba sa yi masa wanka. Idan kana buƙatar haka, sai da ɗan rakiya, kuma a jirgin yawo dokar ba ta ce a ɗauke shi kyauta ba.

Ranar shiga za a yi atisayen ceto. Tun hatsarin jirgin yawon nan Costa Concordia a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara shi, ana yin sa kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Kada ka tsallake. In gobara ta tashi ba a hawa asansar, saboda haka ka tambaya kai tsaye: su wa za su zo su sauko da ni, kuma sunana yana cikin takardarsu?

Abu na ƙarshe da ke ɓata wa mutane rai shi ne sauka a garuruwa. A Marsey, Barsalona da Jenowa jirgi na jingina da gaɓa, ka gangara abinka. A wurare irin su garin Kan na Faransa ko tsibirin Santorini kuwa, jirgi na tsayawa cikin ruwa, ƙananan jirage ke kwasar mutane, akwai matakala, kuma idan ruwa na motsi kyaftin na iya hana mai keke sauka. Ka karanta jerin tashoshin kafin ka biya, ka zaɓi zagayen da yawancinsu jingina ake yi. Kafin ka tashi daga filin jirgin Diori Hamani, kai keken wajen mai gyara a ɗaure kowane noti, ka sa tiyub guda da famfon iska da ƴan makullai a akwatin da za a auna, matashin zamanka kuma ya shiga jirgin sama tare da kai.