Kurakuran da aka fi yi wajen auna sinadarin damuwa a jinin ɓera

Ɗalibai da yawa kan fara da neman kotisol, sinadarin da jiki ke saki a lokacin damuwa, a jinin ɓera, saboda shi suka saba gani a littattafan likitanci. Kotisol shi ne babba a jikin ɗan'adam, amma sassan adirinal da ke saman ƙodar ɓera wani makamancinsa mai suna kotikosteron suke fitarwa, don haka kayan gwajin kotikosteron za a saya.

Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne ɗora wa sinadari guda alhakin komai. A can cikin haifotalamus, wani sashe na ƙwaƙwalwa, akwai ƙwayoyin da ke sakin wani sinadari mai suna CRH, wanda Wylie Vale da abokan aikinsa suka gano a 1981 a Cibiyar Salk ta Amurka. CRH ke tayar da fituwitari, wata ƙaramar gaɓa da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ta saki sinadarin ACTH, shi kuma ya bi jini zuwa adirinal ya sa ta saki kotikosteron. Ƙwayoyin da ke sakin CRH ba su da ubangida ɗaya: sinadaran aika saƙo na ƙwaƙwalwa irin su gulutamet da noradirinalin na zuga su, wani mai suna GABA na riƙe musu linzami, kotikosteron kansa kuma yana komawa ƙwaƙwalwa ya rage musu ƙarfi. Saboda haka idan adadin kotikosteron ya hau bayan an ba ɓera magani, mai yiwuwa zugar ce ta ƙaru, mai yiwuwa kuma riƙon GABA ne ya sassauta, kuma gwajin jini kaɗai ba zai bambanta su ba. Sai an toshe hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, an kuma auna ACTH tare.

Sai batun lokaci, wanda a ganina ya fi kowanne ɓata sakamako. Ɓera da dare yake harkarsa, kotikosteronsa kan kai ƙololuwa dab da duhu, saɓanin mutum da nasa ke hawa da safe. Wanda ya ɗebi jinin rukuni ɗaya da hantsi, na ɗayan kuma da la'asar, agogo ya auna, ba aikin magani ba. Haka nan taɓa kejin kawai yana tayar da sinadarin, shi ya sa ake so a gama ɗiban jini cikin minti 2 zuwa 3. Ɗaga ɓera ta wutsiya ma yana firgita shi. Gara a saba masa da shiga ɗan bututu.

Kada kuma a gauraya maza da mata a lissafi ɗaya, domin adadin matan ya fi yawa tun asali.