Darasi: Yadda Sinawa ke kiran mai taurin kai

Ɗan kasuwar da ke zuwa saro kaya Guangzhou ko Yiwu, ko mai hulɗa da Sinawa a Kantin Kwari ta Kano, wata rana ciniki zai ƙi faɗawa, ya ji an ce masa gùzhí. Ana rubuta ta haka: 固执. Harafi na farko, 固, abin da ya kafu daram ke nan. Na biyu, 执, riƙewa. Wato mutumin da ya riƙe ra'ayinsa gam ya ƙi saki, mai taurin kai, mai kafiya.

A furuci aikin yake, don haka mu bi a hankali. Rubutun boko na Sinanci, wanda ake kira pinyin, ƙasar Sin ta amince da shi a 1958, kuma ƴan alamomin da ke kan wasula su ke nuna karin sauti. Manyan karin sautinsu guda 4 ne. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, tunda kunnenmu ya san bambancin kukan yaro da kukar miya. A gù, murya daga sama take faɗowa, irin yadda muke cewa "kai" a "taurin kai". A zhí kuwa hawa take yi, kamar mai tambaya. Harafin zh kusa yake da "j" ɗinmu, sai dai ka ɗan lanƙwasa harshe baya, kada kuma ka ja "i" ɗin ƙarshe.

Ga jimla: Tā hěn gùzhí, "yana da taurin kai". Ku lura da tā. Mu "ta" mace ce, amma a bakinsu namiji da mace duk tā ne, sai a rubutu ake bambantawa.

Akwai kuma niú píqi, wato halin bijimi, ga wanda in ya kafe ba mai motsa shi.

Ina roƙonku, ku koyi kalmar don ku gane ta in an faɗa, amma kada ku jefa wa abokin ciniki ita a bainar jama'a, musamman dattijo. Sinawa na ba mutunci muhimmanci ƙwarai, suna kiransa miànzi, kuma kunyata mutum a gaban yaransa na iya ɓata hulɗar shekaru.

Aiki: ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya ce gùzhí, ɗayan ya bi muryar da hannu, ƙasa sannan sama. Daga nan kowa ya kwafi 固执 a littafinsa.